Sifes Na Kowa Ne, In Ji Oga

Ranar Litinin na fito da keke napep ɗina da niyyar neman na tuwo, sai na ƙare ina tura motar wani. Layin mai ne ya jawo min. Kun san layin nan na gidan man da ke hanyar bakin mayo, wato bakin rafi, wanda in ka shiga da safe kana saurayi, kafin ka kai bakin famfo yara sun fara ce maka Baba. Muna ciki rana tana gasa mu, mai gidan man yana rantsuwa tankinsa ya bushe ƙarƙaf, mu kuma muna kallon jarkoki suna fita ta ƙofar baya suna kama hanyar Belel ta iyakar Kamaru kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ni Jatau ba na shiga abin da bai shafe ni ba, sai dai in rubuta shi.

Ana haka sai ga motar Jibrilla mai lasifika. Duk wanda ya kwana biyu a Mubi ya san Jibrilla, shi ne ake ɗauka haya in akwai shela: akuya ta ɓata, an kawo sabon maganin basir, za a yi wa yara rigakafi. Motar ta zo daidai gefen layinmu ta yi tari sau biyu ta mutu. Ita ma ƙishirwa ce. Jibrilla ya leƙo ta taga ya ce tunda batirin lasifika yana aiki, kuma ga rabin gari Allah ya tara masa wuri ɗaya, in mun taimaka mun tura shi daga farkon layi zuwa ƙarshe, aikinsa na yau ya ƙare. Muka tura. Me muke yi da ma?

Saƙon, kamar yadda ya faɗa min daga baya, a waya aka ba shi, rabi Turanci rabi Hausa, netwok yana yankewa. Shi kuma ya haɗa abin da ya ji ya saki:

"Jama'ar Mubi, albishirinku. Jibi Laraba za a buɗe shirin sifes a babban ɗakin taro. Manyan baƙi suna zuwa. Maza da mata, Musulmi da Kirista, kowa ya zo. Oga ya ce sifes na kowa ne."

To masu karatu na Kano da Sakkwato, ku tsaya in muku bayani, don na san kun fara murmushi. A Mubi sifes kalma ce ta kullum. Fasinja ya tsayar da ni, abin da zai ce shi ne, "Mai keke, akwai sifes?" Ni kuma ko mutum biyar ne a ciki da buhun masara, akwai. Amma babban sifes, wanda ake kai wa fasto da liman a yi addu'a a kansa, shi ne na kasuwa: ɗan wurin da za ka kafa teburinka ba wanda zai ce ka tashi. Ana gadonsa. Ana ɓata zumunci a kansa. Kuma tun da muka dawo daga gudun nan na shekarar dubu biyu da sha huɗu, babu abin da ya yi wuya a garin nan kamarsa, in ka cire man fetur da gaskiya.

Mama Liyatu makwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar ma ta faɗi tun kafin gudu. Daddawa take sayarwa da kuka da yaji. Tun ina yawo ba wando take da sifes ɗinta a bakin ƙofar kasuwa, ƙarƙashin wata dalbejiya. Da 'yan bindiga suka shigo garin muka watse, ita ta bi ta duwatsu da ƙafa har Kamaru. Da ta dawo ta tarar an sare dalbejiyar, an gina jerin shaguna masu ƙofar ƙarfe a wurin, kuma duk wanda ta tambaya shagunan na wa ne sai ya kalli sama. Tun lokacin take yawo da faranti a ka. In ta zauna a bakin titi 'yan taskfos su kore ta, in ta je ofishin kasuwa a ce mata babu sifes, ta dawo wani mako. Gwiwoyinta sun fara ƙi. Ɗanta da ke noma a Mugulbu ya riga ya yanke hukunci: in ruwan farko ya sauka ba ta da wurin zama, zai zo ya kwashe ta da kayanta ta koma ƙauye ta riƙa kallon kaji. Ita kuma ta ce gara a binne ta a Mubi da ta zauna a Mugulbu tana jira a ba ta na goro. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Kuma kada in yi muku ƙarya in ce tausayi ne kawai, in Mama ta tafi miyata ta tafi.

Kafin in koma gida labari ya riga ni. Na tarar da ita a tsakar gida ta fito da tsohon teburinta tana goge shi da tsumma, tana waƙar coci. Malam Rufa'i tela yana zaune a kan benci yana kallonta. Shi ma makwabcinmu ne, kakansa daga Sakkwato ya zo, kuma tun da shagonsa ya tafi a rikicin yake ɗinki a barandar gidan haya. Sana'arsa ta biyu, wadda ba a biyansa, ita ce gyara wa mutanen Mubi Hausa. Mama ta ce masa kasuwa ya cika ne shi ya sa gwamnati ya buɗe sabo. Ya ce mata ta cika ake cewa, kasuwa mace ce. Ta ce, "Ko ya cika ko ta cika, Malam, ni dai ba na ciki."

Don Allah kada ku ɗauka dukkanmu ba mu san ɗaya ma'anar ba. Ina da waya, ina kallon abubuwa. Malam Rufa'i kuma kunnensa a rediyo yake kwana. Shi ya fara ɗago maganar, ya ce ya taɓa ji Turawa suna kiran sararin samaniya da wannan sunan. Muka zauna muka auna abin kamar masu hankali. Garin da wuta take zuwa kamar baƙuwa, garin da in ruwa ya sauka kwata take shigowa ɗaki ta gaishe ka, wane babban mutum ne zai ƙona mai ya zo nan ya yi mana maganar taurari? Muka yi dariya, muka ce mun raina shugabanninmu da yawa. Malam Rufa'i ya tashi ya je neman igiya.

Ranar Laraba kekena bai taɓa ɗaukar kaya haka ba. Man da na samu da ƙyar ya tafi a jigilar tebura. Teburin Mama a saman rufi, lema, benci, turaku na kafa iyaka, guduma, igiya. Ba mu kaɗai ba. Masu tumatir, masu gwanjo, masu kifi, mata daga Michika da suka ji labari a mota, kowa da turakunsa, don a rabon sifes wanda ya fara kafa turke shi ne mai wuri, takarda daga baya take zuwa. Ɗakin taro ya cika har taga.

A bango an rataye wani ƙaton kyalle da hoton abu dogo fari mai tsini, wuta tana fita ta ƙasansa. Na kalli Malam Rufa'i, ya kalli silin. Mama kuwa ta ce tankin ruwan sabon kasuwa ne, an sa masa wuta a ƙasa saboda masu shayi. Na ce to, Allah ya sa.

Sai jiniya. Motoci baƙaƙe masu gilashi baƙi suka jeru, kowace da injinta a kunne saboda sanyin ciki, ni ina jin ƙamshin man kamar ana soya nama a gidan makwabta. Aka gabatar da babban baƙo: Mai Girma Shugaban Kwamitin Wayar da Kan Talakawa a Kan Abin da Ke Sama da Su, Garkuwan Gajimare, Uban Tafiyar Taurari. Mu dai Oga muke cewa. Mutum ne mai kyawun jiki, Allah ya ƙara masa, babbar rigarsa kaɗai za ta yi wa mutum uku lema. An ce bai daɗe da dawowa daga yawon ƙaro ilimi ba, shi da mutanen kwamitinsa da iyalansu, sun zaga ƙasashe sun ga yadda ake kallon sama a can. Aiki ne mai wahala. Wuya yana ciwo.

Da ya ga taron, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ya je garuruwa da dama da wannan shiri, wani wurin sai an kwaso 'yan makaranta an cika kujeru, amma bai taɓa ganin mutane masu ƙishirwar ilimi irin na Mubi ba, har da kayan aikinsu suka zo. Muka tafa.

Ya ce sifes yana da faɗi, faɗin da ba shi da iyaka, ko duk mutanen duniya suka shiga ba za su cika shi ba. Muka tafa da ƙarfi. Ya ce babu wanda ya mallake shi, ba na mai kuɗi ba ne, ba na ɗan gidan wani ba ne, a can babu mai iko da kowa. Wata mata a bayana ta fara kuka. Ya ce babu shinge, babu mai karɓar haraji. Nan fa mata suka saki guɗa, wani mai kifi ya ɗaga guduma sama yana juyi. Oga ya juya ya kalli masu kyamara ya tabbatar suna ɗauka.

Bayan shi wani Dokta ne zai nuna mana hoto a bango, amma janareta ya ƙi tashi. Aka duba, babu mai. Motocin nan duka suna waje suna huci, amma janaretan taro babu ko ɗigo. Aka tura a nemo wurin 'yan bumburutu, Oga ya ce kafin nan a yi tambayoyi. Mama ta riga kowa miƙewa. Ta gaishe shi da Hausa, ta ƙara da Fulatanci, ta yi masa addu'a shi da 'ya'yansa, sannan ta tambaya sifes ɗin nan a bakin ƙofa yake ko a can baya.

Oga ya yi dariya ya nuna silin. "Mama, ai a sama yake."

"Bene ne? Oga, gwiwa na ya mutu. A ba yara na sama, ni a ba ni na ƙasa."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya ce Mama akwai barkwanci. Ya ce ba a hawa da ƙafa, akwai abin hawa na musamman, ga hotonsa nan. Mama ta kalli tankin ruwanta. Ta tambaya ko akwai inuwa. Ya ce wani gefen rana ce mai ƙuna, wani gefen duhu. Ruwa fa? Babu. Ban ɗaki? Oga ya kalli Dokta, Dokta ya ce sai dai mutum ya yi dabara. Mama ta gyaɗa kai ta ce to duk ɗaya ne da tsohon kasuwa, za ta iya.

Sai janareta ya tashi.

Tankin ruwan Mama ya bayyana a bango, ya yi ƙara, ya tashi da wuta da hayaƙi ya huda gajimare. Mai kifi ya sauke gudumarsa a hankali. Malam Rufa'i ya sunkuyo ya ce min a kunne, ashe ba mu raina su ba, girmama su muka yi da yawa.

Zan faɗi gaskiya ko da za ku ce na ci amanar 'yan kasuwa: bayanin Dokta ya yi min daɗi. Mutumin ya san abinsa, kuma ka ga yana so. Ya ce da can Amurka da Rasha ne kaɗai suke tsere, wannan ya harba, wancan ya rama, har aka taka wata. Yanzu kuwa layi ya yi tsawo kamar namu na mai. China tana tura nata 'yan sama jannatin. Indiya ta aika na'ura har duniyar Mars, kuma a kan araha, abin da ya sa na ga wasu 'yan kwamiti sun ɓata fuska, don su ba sa son jin an yi aiki da araha. Ƙasashen Turai sun yi karo-karo suna harba nasu tare, kamar adashe. Ya ce mu ma ƙasarmu tana da taurarin ɗan Adam a can sama suna zagayawa.

Abin da ya fi kama ni shi ne da ya ce yanzu ba gwamnatoci kaɗai ba ne, 'yan kasuwa sun shiga. Kamfani ya ƙera roka, ya ɗauki kayan mutane haya ya kai sama, kamar dai ni da tebura. Ya nuna mana wata roka da ta sauke kaya ta juyo ta dawo ta sauka a tsaye a kan wani dandali a tsakiyar teku, ba ta ko karkace ba. Na tuna ranar da na yi ribas a tasha na shiga kwandon mai lemo. Ya ce wasu kamfanonin har sun fara sayar wa attajirai kujera, su je su leƙa su dawo. Wani ɗan tasha daga baya ya tambaya ko can ma akwai 'yan kamasho, kuma in mota ba ta cika ba ana jira ne. Dokta ya ce kusan haka ne. Na ce ka ji, ashe sana'armu ce, hanya ce kawai ta bambanta.

Ya kuma ce abin ba wasa ba ne. Da waɗannan taurarin ake gane ruwa zai sauka da wuri ko zai makara, da su waya take kaiwa nesa, da su muke kallon ƙwallon Turai muna faɗa a kan mutanen da ba su san da mu ba. Ni ba na gaba da sama. Wanda ya iya zuwa ya je, in akwai sifes a rokar ni ma a ɗauke ni, ko a kan injin zan zauna.

Da ya ce akwai masu kyamarar da ke hango gida da mota daga can, sai Malam Rufa'i ya miƙe. Na ɗauka zai gyara masa Hausa ne. Ya ce yana da tambaya ɗaya.

"Dokta, ranar da muka fita daga garin nan da ƙafa, da tsofaffi a baya da yara a wuya, abin nan yana sama?"

Dokta ya ce yana sama.

"Ya gan mu?"

Dokta ya kalli takalminsa. Ya ce mai yiwuwa ya ɗauki hoto, amma shi hoto kawai yake ɗauka, ba shi da ƙafar saukowa. Malam Rufa'i ya ce ya gode, da ma so yake ya sani, ya zauna. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi dariya.

Mama ce ta katse shirun. Ba ta miƙe ba wannan karon, daga zaune ta ce, "To Oga, ni yanzu in tafi Mugulbu ke nan?" Oga bai gane ba. Wani ya raɗa masa wani abu, ya gyara riga ya ce an ji koken Mama, za a kafa ƙaramin kwamiti ya duba. Mutane suka fara tattara igiyoyinsu.

Saura abu ɗaya a tsarin taro: ɗora harsashin Cibiyar Kallon Taurari. Da yawa sun so su wuce gida, amma da aka faɗi wurin kowa ya tsaya. Filin nan ne na gefen tasha. Fili mafi kyau a garin nan, duk wanda ya sauka daga mota sai ya bi ta gabansa. Bara aka kori masu talla daga ciki aka zagaye shi da waya, aka ce akwai babban aiki da ke zuwa. Ashe wannan ne. Muka bi motocin, ni da tebur a rufi, Mama a baya ta yi tagumi.

An buɗe ƙofar wayar, an kafa allo babba da sunan cibiya da hoton tankin ruwa. A tsakiya an gina wani ɗan dakali na siminti da farin dutse a jiki. Oga ya karɓi cokalin magina ya shafa siminti kamar mai shafa bota a burodi. Aka tafa, amma tafin mutum biyar, kuma duk 'yan kwamiti ne. Na ga ya damu. Mutumin da aka yi wa guɗa da safe, ga kyamara tana kallo, ba zai so a rufe da wannan ba. Sai ya karɓi makirfo ya koma kan abin da ya san yana tayar da mutanen Mubi.

Ya ce daga yau wannan fili na sifes ne. Kuma sifes na kowa ne.

Na ji Mama ta motsa a gefena. Ta matsa gaba da sandarta har gaban kyamara, ta sa hannu a kunne.

"Oga, kunne na ba ya ji sosai. Wannan fili na mene ne?"

"Na sifes ne, Mama."

"Sifes na wane ne?"

"Na kowa ne."

"Har da ni?"

Oga ya dafa kafaɗarta, ya juyo da ita wajen mai hoto, ya buɗe haƙora. "Har da ke, Mama. Ke ce ma ta farko."

Guɗar da aka yi a nan ta fi ta safe. Oga ya shiga mota yana ɗaga hannu, ya tafi da farin ciki, na tabbata har yanzu yana ba da labarin yadda mutanen Mubi suke son kimiyya. Motar ƙarshe tana karya kwana Mama ta juyo ta ce, "Jatau, sauke tebur."

Ban taɓa ganin aikin gwamnati ya tafi da sauri haka ba. Turaku suna nan, igiya tana nan, guduma tana nan, masu ita suna nan. Ba a yi faɗa ba, mata suka auna da igiya, aka bar hanya a tsakiya, masu kifi can ƙarshe saboda wari. Malam Rufa'i ya samu kusurwa mai kallon tasha. Mama kuwa, tunda ita ce ta farko da bakin Oga, ta kafa teburinta a jikin dakalin harsashi, ta jira simintin ya sha iska ta ɗora farantin daddawa a kai. Tsayinsa daidai, ba sai ta sunkuya ba.

Washegari da hantsi 'yan taskfos suka zo da motarsu. Shugabansu ya sauko yana kaɗa sanda ya ce wa ya ba mu izini. Waya ta fito daga kowane aljihu, don duk wanda ke wurin jiya ya ɗauka. Ya kalli Oga yana dafa Mama yana cewa ke ce ma ta farko. Ya sake kallo. Ya kalli allo, ya kalli Mama, ya cire hula ya sosa kai. Korar tsohuwa abu ne mai sauƙi, ya saba. Amma ya ƙaryata Garkuwan Gajimare a gaban tasha, wannan ya fi albashinsa. Ya ce to shi ba zai taɓa kowa ba sai ya samu umarni daga sama. Mama ta ce ya yi haƙuri, jiya Oga ya ce a sama babu mai iko da kowa. Mutumin ya yi ƙoƙarin haɗe rai abin ya ƙi. Kafin ya tafi ya sayi daddawa, ta ƙara masa gyara.

Ruwan farko ya sauka ranar Asabar. Ɗan Mama ya zo daga Mugulbu da motar ɗaukar kaya kamar yadda ya yi alkawari, ya tarar da ita a ƙarƙashin lema tana ba wani fasinjan Michika canji. Ta ce ya zauna ya ci abinci, in ya gama ya koma da motarsa, ita tana aiki. Ya koma da buhun taki a maimakonta. Yanzu in ka hau kekena ka ce Kasuwar Sifes, ba sai ka ƙara bayani ba. Amurka ta yi shekaru kafin ta sauke mutum a inda ta nufa. Mu rana ɗaya muka harba, muka sauka, har muka fara ciniki.

Saura abu ɗaya da ke hana Mama sakin jiki: ranar da ɗan kwangila zai zo da bulo. Saboda haka, ranka ya daɗe Uban Tafiyar Taurari, ga roƙon ƙaramin ɗan keke. Na sha zagin irinku a wannan shafi kan harsashin da ake ɗorawa a manta, na janye. Kada ka yi gaggawa. Sama ba ta gudu. Akwai ƙasashen da ba ku je ba tukuna, a je a ƙaro ilimi, a tafi da iyali. A kafa ƙaramin kwamitin nan, shi ma ya haifi nasa. Dutsenka kuma kada ka damu, kullum da safe Mama tana wanke shi da omo kafin ta ɗora faranti, babu harsashin da ake kula da shi haka a faɗin jihar nan. Tun da aka haife ni ban taɓa roƙon Allah ya bar manyanmu da halinsu ba sai wannan karon, kuma Mama a coci, Malam Rufa'i a masallaci, duk addu'ar ɗaya ce.

Af, Dokta, in kana karantawa: rokar nan da take dawowa ta sauka a tsaye, in ta rage ɗan mai a tanki, ina layin hanyar bakin mayo, bayan motar Jibrilla. Har yanzu tana nan inda muka tura ta.